Matsalar Daidaita Sabon Boris a Tsohuwar Motar Ɗaukar Kaya

1.0 Gabatarwa

A ƙasar noma irin ta Sanyinna, cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal, da maƙwabciyarta Kebbe, manomi ba ya cin ribar gero da dawa da shinkafa sai an kai su kasuwa. Kaɗan ne daga cikin masu motocin da ke wannan jigila ke iya sayen sabuwar mota. Saboda haka akan tayar da tsohuwa wadda ta daɗe a jingine, a sabunta kayan cikinta, ta koma bakin aiki. A wannan darasi za a yi bayani a kan ɗaya daga cikin matsalolin da kanikawa ke fuskanta wajen irin wannan gyara, wato a sayo sabon boris amma ya ƙi zama daidai a mazauninsa. Za a duba dalilan haka, da hanyar gano su, da kuma maganinsu.

2.0 Motocin da Ake Tayarwa

Iri biyu ne suka fi shahara a hanyoyin Arewa. Akwai Bedford ta ƙasar Ingila, wadda kamfaninta ya daina ƙera manyan motoci a shekarun 1980. Akwai kuma Mercedes mai gajeren hanci ta ƙasar Jamus, wadda aka fara ƙerawa a 1959, ake kuma kira roka. Kamfanin ANAMMCO na Inugu, wanda aka buɗe masana'antarsa a 1980, ya haɗa motocin Mercedes a Nijeriya. Asalin kowace mota yana da muhimmanci a nan, domin tsofaffin motocin Ingila da ma'aunin inci aka ƙera su, na Jamus kuwa da milimita.

3.0 Ma'anar Boris da Ire-irensa

Boris kalmar aro ce da kanikawa suka hausantar. Ƙarfe ne mai zobba biyu, na ciki da na waje, a tsakaninsu kuma akwai ƙwallaye ko 'yan gangunan ƙarfe masu mirginawa. Aikinsa shi ne ya ɗauki nauyi, ya kuma bar ƙarfe ya juya cikin ƙarfe ba tare da sun ci juna ba. Ana samun sa a duk hanyar da ƙarfin inji ke bi zuwa taya: a giyabos, da farfela, da akwatin giya na baya, da cibiyar taya.

Mai ƙwallaye ya fi yawa a giyabos. A cibiyar taya kuwa ana sa mai ganguna masu tsukewa a gefe ɗaya, wanda Henry Timken na Amurka ya sami hakkin ƙirƙirarsa a 1898. Wannan yana rabuwa gida biyu: kwano, wato zoben waje, da kuma ƙodar da ke zama cikinsa. Tare ake canza su, domin sabuwar ƙoda a tsohon kwano ba ta daɗewa.

4.0 Ƙa'idar Zaman Boris

Abin lura a nan shi ne, ba a son zobban biyu su matse daidai wa daida. Zoben da ke juyawa a ƙarƙashin nauyi shi ake matsewa ƙam, ɗayan kuma a bar shi ya shiga da ɗan sauƙi. A giyabos sandar ƙarfe ce ke juyawa, don haka zoben ciki ke kama sanda. A cibiyar tayar babbar mota kuwa cibiyar ce ke juyawa, don haka kwano ke matsewa a cikinta, ƙoda kuma ta zura a kan sanda da hannu. Bambancin da ke tsakanin matsewa da sakewa bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin ɗari na milimita ba. Ido ba ya ganin wannan, sai ma'auni.

5.0 Dalilan Rashin Daidaituwa

5.1 Kuskuren Lamba

Kowane boris yana da lamba a gefen zobensa. A tsarin milimita, idan aka ninka alkaluma biyu na ƙarshe sau biyar, za a sami faɗin ramin ciki. Misali, 6205 yana da rami na milimita 25, 6206 na milimita 30, 32210 kuma na milimita 50. Lambobi huɗu ne suka saɓa wa wannan ƙa'ida: 00 na nufin milimita 10, 01 na nufin 12, 02 na nufin 15, 03 kuma 17. Idan tsatsa ta cinye lambar tsohon boris, sai a auna abubuwa uku: ramin ciki, da faɗin waje, da kauri.

5.2 Rikicin Inci da Milimita

Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Boris mai ramin milimita 25 da mai ramin inci ɗaya kamar Hassan da Husaini suke a ido. Amma na farko ba zai shiga sandar inci ɗaya ba ko an kwana ana duka, na biyu kuma zai yi ta girgiɗi a kan sandar milimita 25. Bugu da ƙari, tsohuwar mota takan zama haɗin gambiza, a samu an taɓa sauya mata giyabos ko ƙafar baya da ta wata mota. Ke nan sunan mota bai isa hujjar sayen boris ba.

5.3 Cinyewar Mazauni

Idan tsohon boris ya taɓa ƙamewa, zobensa kan juya a mazauninsa ya cinye shi. Alamar haka ita ce a ga wurin yana sheƙi kamar madubi, ko ya yi shuɗi saboda zafi. A irin wannan hali ko lamba ta yi daidai, sabon kwano zai faɗa rami da kansa. Laifin na mazauni ne, ba na boris ba.

5.4 Datti da Tudu

Wani lokaci kuma boris yana shiga amma ya tsaya kafin ya kai ƙarshe. Dalili shi ne tsatsa, ko tudun da kurfi ya tayar lokacin cire tsoho, ko kuma kusurwar kafaɗar sanda ta fi bakin sabon zoben faɗi. Boris da ya zauna a karkace yana yin zafi ya lalace da wuri.

5.5 Jabun Kaya

Akwai boris na jabu a kasuwa ɗauke da sunayen manyan kamfanoni irin su SKF, wanda aka kafa a ƙasar Suwidin a 1907. Ana auna sabon boris kafin a ɗora shi, kamar yadda ake auna tsoho.

6.0 Hanyoyin Gyara

Mataki na farko shi ne a wanke mazauni, a goge tudu da lallausar takardar yashi, a auna shi ta fuskoki biyu ko uku, domin rami kan cinye ta gefe ɗaya ya zama kamar ƙwai.

Idan mazauni lafiya lau yake, zafi ya fi guduma amfani. Zobe mai ramin milimita 50, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 80, yakan buɗe da kusan milimita 0.05, kuma wannan ya isa ya zura a sanda. Ana ɗumama shi cikin mai mai tsabta, ba a kan harshen wuta ba, kuma kada ya wuce digiri 120, don ƙarfen kan rasa taurinsa. Idan dole sai an buga, a ɗora bututu a kan zoben da ake shigarwa kawai. Duk dukan da ya ratsa ta ƙwallaye yana barin lotsawa a hanyarsu, wadda za ta zama kuka daga baya.

Idan kuwa mazauni ya cinye, wasu sukan sassare shi da kurfi ko su cusa yankin gwangwani. Wannan maganin kwana kaɗan ne, don nauyin kaya zai baje su. Gyaran kirki shi ne a kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe su faɗaɗa ramin su sa masa riga, ko a cika da walda a sake sassaƙa shi bisa ma'auni. In cinyewar ta yi yawa, a sauya cibiyar gaba ɗaya.

Daga nan sai ɗaurin noti a cibiyar taya. A cika ƙoda da giris, a riƙa ɗaurewa ana juya taya har ganguna su zauna, sa'an nan a ɗan sassauta, a bar wasa na tsakanin milimita 0.03 zuwa 0.13, a kulle. Matsewa fiye da kima tana ƙona boris, sakewa kuma tana sa taya rawa. A sa sabuwar robar tare mai, domin ƙurar hunturu idan ta haɗu da giris tana cin ƙarfe. A ƙarshe a gwada motar na 'yan kilomitoci ba kaya, a taɓa cibiya. Idan hannu bai iya jure zafinta ba, a sake kwancewa.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa idan sabon boris ya ƙi zama, abubuwa uku ake tuhuma bi da bi: lambarsa, da mazauninsa, da hanyar ɗora shi. Rigakafi ya fi magani, domin boris ɗin taya idan ya ƙame a kan hanyar Tambuwal zuwa Jega da mota cike da buhuna, taya na iya ficewa, a yi hasarar dukiya da rayuka. Malami mai jiran gado zai koyar da yaran da wasunsu ke zuwa gareji bayan an tashi makaranta. Idan ya iya bayyana musu awo da dalili cikin Hausa, sun sami abin da za su yi aiki da shi.

Jinga

1. Kawo faɗin ramin boris mai lamba 6208 da mai lamba 6203.
2. Me ya sa sunan mota bai isa hujjar sayen boris ba?
3. Ziyarci garejin garinku ka tattaro kalmomin aro goma na kanikanci, ka bayyana yadda aka hausantar da kowace.