Sunan fayil kan iya zama umarni

Lokacin rajistar manoma don taki ko rancen noma, shagunan kwamfuta a Funtuwa da Malumfashi kan cika maƙil. Yaron shago mai wayo sai ya rubuta ɗan fayil mai ƙarewa da .bat, ya jera umarni a ciki, ya riƙa kwashe takardu zuwa filash ba tare da wahala ba. Dabara ce mai kyau. Sai dai cmd, baƙin allon nan na Windows, ba ya rabe suna da umarni sai an nuna masa.

A ce sunan fayil Masara & Auduga.xlsx. A wurin cmd, alamar & na nufin wannan umarni ya ƙare, ga wani. Zai nemi Masara ya rasa, sannan ya ɗauki Auduga.xlsx a matsayin sabon umarni. Maganin shi ne a kulle sunan cikin alamun zance, "Masara & Auduga.xlsx", ko, in babu tazara a cikin sunan, a sa ^ kafin alamar, kamar ^&. Haka ake yi wa | da < da >. Ita % ninka ta ake yi: a rubuta 50%% ya fito 50%. Kada a raina wannan. A Afrilun 2024 sai da masu kayan rubuta manhaja na Rust da Node.js suka fitar da gyara, domin ta irin wannan kafa mugu kan iya cusa nasa umarnin.

Wajen gogewa ake kuka. Sunan da aka miƙa wa fayil ɗin .bat yana zama a %1, shi kuwa %~1 shi ne dai, an tuɓe masa alamun zance. Idan layi ya ce del /q "%~1\*.*" kuma aka manta ba a ba da sunan folda ba, abin da ya rage shi ne "\*.*", wato fayilolin da ke tushen faifan. Ba tambaya, kuma del ba ya kai komai kwandon shara. Shi ya sa, kafin duk wani umarnin gogewa, a fara da if "%~1"=="" exit /b 1, a bi shi da if not exist "%~1" exit /b 1.

Saura haruffa masu lanƙwasa. Folda mai suna Ƙanƙara, in an rubuta ta cikin fayil ɗin, takan fito a hargitse, sai an adana shi da tsarin UTF-8, an kuma sa chcp 65001 a samansa.