Injin ɗaga kaya: sai da horo da takardar izini

Kowace shekara, bayan an kai amfanin gona gida, samari da yawa daga Dogondutsi, Matankari, Tibiri da Kore Mairuwa suna tafiya cin rani. Waɗansu suna samun aiki a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano, Lome, Abijan ko Legas, waɗansu kuma a masana'antu irin ta siminti da ke Malbaza. A irin waɗannan wurare ake amfani da manyan injunan ɗaga kaya. Idan kana son ka tuƙa su, ga abin da ya kamata ka sani.

Iri biyu na injin

Na farko yana kama da gada, yana tafiya kan dogo biyu da aka kafa a sama cikin ɗakin aiki. Da Faransanci sunansa “pont roulant”. Na biyu yana da dogayen ƙafafu, yana tafiya a ƙasa. Shi ne “portique”, wanda ke sauke kwantena daga jirgin ruwa.

Me ya sa sai an koya?

A jikin kowane inji an rubuta iyakar nauyin da zai iya ɗauka. Tan 1 kilo 1000 ne, wato buhun siminti 20. Wanda bai iya karanta wannan lamba ba zai iya ɗora wa injin abin da ya fi ƙarfinsa.

Ɗaurin kaya ma yana da lissafi. Idan igiyoyin ƙarfe biyu suna tsaye sak riƙe da tan 2, kowace tana ɗauke da tan 1. Idan aka ware su har kusurwar da ke tsakaninsu ta kai digiri 120, kowace za ta ɗauki tan 2. Ta haka igiya ke tsinkewa, kaya su faɗo kan mutane.

Yadda ake samun izini

Da farko likita zai duba idonka, kunnenka da lafiyar jikinka. Sannan ka yi horo, ka ci jarrabawa ta ilimi da ta aiki. Daga ƙarshe shugaban ma'aikata ya ba ka izini a rubuce. Takardar tuƙin mota ba ta maye gurbin wannan izini.

A Faransa, tun 2020, akwai takardar shaida mai suna CACES R484 domin waɗannan injuna. Kashi biyu ce: ta mai sarrafa inji daga ƙasa da ta mai zama cikin ɗakin tuƙi. Ana sabunta ta bayan shekara 5.

A Nijar, dokar aiki ta 2012 ta wajabta wa mai ma'aikata ya horar da sabon ma'aikaci kan kiyaye haɗari, haka kuma wanda aka sauya wa aiki. Wannan haƙƙinka ne.

Ƙa'idodi na kullum

Duba ƙugiya, igiya da birki kafin ka fara aiki.
Kada ka bi da kaya ta saman kan mutane.
Kada ka ja kaya a karkace.
Bi alamar hannu ta mutum ɗaya tak, amma ka tsaya nan take idan wani ya ce tsaya.

Kada ka karɓi injin don wani ya ce ka riƙe masa na ɗan lokaci. Ka tabbata kuma an yi maka rajista a asusun CNSS, domin shi ne ke biyan diyya idan haɗarin aiki ya auku.