Me Ya Sa Aka Raba Ikon Gwamnati Gida Uku?

A ƙungiyar manoma ta ƙauye, ba a haɗa wa mutum ɗaya shugabanci da ajiyar kuɗi da binciken asusu. In aka yi haka, ran da kuɗi suka ɓace babu mai tuhumarsa. Haka abin yake a mulkin ƙasa, kuma ana kiran wannan tsari rabon iko. Amurka na cikin ƙasashen farko da suka rubuta shi a tsarin mulkinsu, amma sai da aka sha gardama.

Gwamnati Marar Ƙarfi

Amurkawa sun shelanta 'yancin kansu daga Ingila a 1776. Jihohinsu 13 ne a lokacin. Sun ɗanɗana mulkin Sarkin Ingila, don haka suna tsoron gwamnati mai ƙarfi. Sai suka kafa gwamnatin tarayya wadda ba ta da shugaban ƙasa, majalisa ce kawai. Ba ta da ikon karɓar haraji. Sai dai ta roƙi jihohi kuɗi, su kuwa su ba da abin da suka ga dama. Bashin yaƙin neman 'yanci ya yi mata katutu.

A 1786 manoman jihar Massachusetts suka tayar da bore. Bashi da haraji sun yi musu yawa, kotuna kuma suna ƙwace gonakinsu. Wani tsohon soja mai suna Daniel Shays na cikin jagororinsu. Gwamnatin tarayya ta kasa yin komai, domin ba ta da kuɗin ɗaukar sojoji. Wannan ya tsorata manyan ƙasar ƙwarai.

Taron Filadalfiya

A 1787 wakilai 55 daga jihohi 12 suka hallara a birnin Filadalfiya. George Washington ne shugaban taron. Tambayar da ke gabansu ita ce: yaya za a ƙarfafa gwamnati ba tare da ta zama azzaluma ba?

Suka ɗauki shawarar wani masanin Faransa mai suna Montesquieu, suka raba iko gida uku. Majalisa ta yi doka. Shugaban ƙasa ya zartar da ita. Kotuna su yi shari'a da ita.

Suka kuma sa kowane ɓangare ya iya taka wa ɗan'uwansa birki. Shugaba yana iya ƙin sa hannu a doka, amma in kashi biyu cikin uku na majalisun biyu suka nace, dokar ta zauna. Shugaba ne ke zaɓen manyan alƙalai, amma sai Majalisar Dattawa ta amince. Majalisa tana iya tsige shugaba in ya yi babban laifi. Daga 1803 kuma Kotun Ƙoli ta fara soke dokar da ta saɓa wa tsarin mulki.

Gardama Ta Kaure

Da aka kai tsarin ga jihohi, mutane suka rabu biyu. Alexander Hamilton da James Madison da John Jay suka rubuta maƙalu 85 suna kare shi. A ganinsu, in babu gwamnati mai ƙarfi ƙasar za ta wargaje. Patrick Henry da George Mason suka ƙi. Tsoronsu shi ne gwamnatin da ke nesa za ta haɗiye jihohi, shugaba kuma ya rikiɗe ya zama sarki. Suka ce ba a rubuta haƙƙin talaka a ciki ba.

Daga ƙarshe aka daidaita. Tsarin ya fara aiki a 1789, Washington ya zama shugaba na farko. A 1791 aka ƙara gyare-gyare 10 masu kare haƙƙin jama'a, kamar 'yancin addini da na faɗin albarkacin baki. Duk da haka tsarin ya bar bayi cikin bauta har zuwa 1865.

Ina Ruwan Manomi?

Nijeriya ta ɗauki irin wannan tsari a 1979, lokacin da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki. Tsarin mulkin 1999 ma haka ya raba iko. Saboda haka ɗan majalisa ba yaron shugaba ba ne, alƙali kuma ba yaron gwamna ba ne. Aikin ɗan majalisa ya haɗa da bin diddigin kuɗin rijiya da taki da asibiti. In ya zama ɗan amshin shata, babu mai tambayar inda kuɗin suka shiga. Ya kamata mai ƙuri'a ya tuna da wannan ranar zaɓe.