Wankin Ƙoda da Hukuncin Azumi

Idan ƙoda ta gaza tace jini, likitoci kan bi da jinin majiyyaci ta cikin na'ura, a raba shi da guba da ruwan da ya taru, sannan a mayar masa. Galibi sau 3 a mako, kimanin awa 4 kowane zama. Kwamitin Fatawa na Dindindin na Saudiyya ya tafi a kan cewa wannan yana karya azumi, saboda sukari da gishirin da ke shiga jini. Saboda haka mai iko a sauran ranaku sai ya azumce su, ya rama na wankin daga baya. Amma wanda amintaccen likita ya tabbatar azumi zai riƙa cutar da shi har abada, ramuwa ta faɗi a kansa. Ciyar da mudu guda kowace rana kuwa, a mashhurin Malikiyya, mustahabbi ne, ba wajibi ba.