Zuciya mai bugu barkatai: jinkiri na rage amfanin magani

Zuciyar mutum ɗaki 4 gare ta, 2 sama, 2 ƙasa. In tana lafiya, tana bugawa daidai, sau 60 zuwa 100 cikin minti guda. Amma akwai cutar da ke sa ɗakunan sama su shiga kyarma, bugu ya rikice. Mai ita shina jin faɗuwar gaba, ga gajiya, ga haki ko daga gida zuwa rijiya. Wani ko ba ya jin komi. Tsufa na kawo ta, da hawan jini, da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya wanda ya taɓa zuciya.

Babban haɗarinta ga shi: jini na kwantawa cikin ɗakin da ke kyarma, ya yi gudaji. In gudajin ya kai ƙwaƙwalwa, sai ɓarin jiki ya shanye. Mutane su ce iskoki ne. Ba iskoki ba ne, jini ne ya toshe hanya.

Da farko cutar na zuwa tana tafiya. In ta wuce kwana 7 ba ta tsaya ba, ta zauna ke nan. Likitoci na ba da ƙwayoyin daidaita bugu da na hana gudaji. Akwai kuma wani aiki. A 1998 likitocin garin Bordo, ƙasar Faransa, sunka gano kyarmar ta fi tasowa daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu. Ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuciya, a ƙone wurin ko a daskarar da shi. Ba a tsaga ƙirji.

Aikin nan shina son gaugawa. Kyarma in ta daɗe, ɗakin zuciya na buɗewa, ya yi tabo. Waɗanda anka yi ma aiki cikin shekarar farko sun fi samun sauƙi. Wanda ya shekara da shekaru da ita, sau da yawa takan dawo mishi bayan aiki.

Ba aikin likitar ƙauye ba ne, sai manyan asibitoci masu na'urori. Amma gane cutar ba shi da wuya. Mutumin Barmu, ko Kalfu, ko Tabalak na iya aza yatsa 2 ga wuyan hannu, ƙarƙashin babban yatsa, ya saurara minti guda. In bugun na tsalle, ya tafi likita kusa da shi. Daga nan a tura shi babban asibitin Tawa, a auna zuciya da na'ura mai zana bugu bisa takarda.