Yadda murfin kyamara ya raba mu da hoton Kaka a Gololo

A gidanmu da ke Gololo, cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa ta Jihar Bauchi, akwai wani guntun dodon hoto da aka naɗe a takarda, aka adana cikin akwatin ƙarfe sama da shekara arba'in. Idan ka ɗaga shi ka haska da rana, ba abin da za ka gani sai launin ruwan goro fayau, da 'yan lambobi a gefe, daga 1 zuwa 6. Gida shida ne, kuma a cikinsu ya kamata a ce fuskar kakanmu take.

Kaka malamin zaure ne, wanda ya shafe rayuwarsa yana kauce wa masu hoto. Ba ya jayayya da kowa a kan batun, kau da kai kawai yake yi. A wata Ƙaramar Sallah ta farkon shekarun 1980, ƙanen mahaifinmu, wanda yake koyarwa a wata firamare a Azare, ya zo gida rataye da kyamara ƙirar Yashica Electro 35 da ya saya a hannun wani abokin aikinsa. Bayan an sauko daga Idi, ya durƙusa gefen buzun tsohon ya ce, "Baba, don jikoki nake roƙo, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna."

Tsohon ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce a miƙo masa rawaninsa. "To, yi maza, kada rana ta yi."

Sau shida Baffa ya danna maɓalli. Ina tsaye kusa da ƙafar Kaka, ban fi shekara goma ba, kuma da idona na ga baƙin murfin nan a bakin kyamarar. Kwana biyu kafin nan na ga Baffa yana cire shi kafin ya ɗauki hoto. Amma yaro ba ya gyara wa babba a gaban dattawa, kuma na ce a raina wanda ya sayi abu ya fi ni sanin kansa. Da muka fita waje kallon mahaya dawaki, hannun Baffa ya cire murfin da kansa ya jefa aljihu, bai ma lura da abin da ya yi ba.

Wanda ya tashi da wayar hannu zai yi mamakin yadda mutum zai leƙa kyamara sau shida bai ga duhu ba. Amsar tana cikin ƙirarta. Electro 35 tana cikin dangin kyamarori masu auna tazara, waɗanda suka yi tashe tun daga Leica II da Contax na ƙasar Jamus a 1932. A irin wannan kyamara, tagar da mai hoto yake leƙawa daban take da idon da yake ɗaukar hoton. Akwai 'yan tagogi biyu a goshinta, da ɗan rata tsakaninsu, kamar idanun mutum. Hasken da ya shiga ta biyun yana haɗuwa a wani ɗan fili mai haske a tsakiyar abin da ake kallo, inda siffa take rabuwa biyu. Sai mai hoto ya riƙa murɗa zoben idon kyamara har siffofin biyu su hau kan juna su zama ɗaya. Da zarar sun haɗu, an sami tazarar daidai, hoto zai fito tas. Dabara ce mai kyau, mai sauri, kuma tana aiki ko da haske ya yi ƙaranci. Sai dai duk wannan aiki ana yin sa ne ba tare da ko ɗigon haske ya ratsa ta ainihin idon kyamarar ba. Mai hoto yana ganin rawani da gemu da tasbaha sarai, alhali fim yana zaune cikin duhu.

Kyamarori masu madubi a ciki, irin su Nikon F ta 1959 da Pentax K1000 ta 1976, ba su da wannan tarko, domin madubin yana karkato da hasken da ya shigo ta idon kyamara ne zuwa idon mai hoto. In akwai murfi, duhu zai gani nan take.

Ko a cikin masu auna tazarar, ba duka ne suke barin mutum ya faɗa rami ba. Kamfanin Canon ya dasa na'urar auna hasken Canonet QL17 a bakin idon kyamara, ta yadda murfi yake rufe su tare, kuma idan an saita ta ta zaɓi haske da kanta, sai maɓallin ya ƙi dannuwa. Olympus Trip 35, wadda ta fito a 1967, ko da yake ba ta da ma'aunin tazara, ita ma tagar leƙenta daban take, don haka aka sa mata wata 'yar jar alama da take tasowa ta kulle maɓalli idan haske bai isa ba. A ganina waɗannan maƙera sun fi fahimtar halin ɗan Adam. Ita kuwa Electro 35, wadda aka fara fitarwa a 1966, na'urar auna haskenta a jikin kyamara take, can sama kusa da tagar leƙe. Da murfi ko ba murfi, hasken hantsin Gololo take karantawa, ba ta kunna fitilar gargaɗi ba. Ga shi kuma ƙararta ba ta wuce ƙyas ɗin farce ba. Ta kowace fuska ta nuna wa Baffa cewa aiki ya yi.

Abin da ya mayar da ɗan kuskure ya zama asara shi ne nisa da lokaci. Fim ɗin mai gida 36 ne, kuma malamin firamare ba ya ƙarar da shi a yini guda. Sai da aka yi wani suna da wani ɗaurin aure kafin ya cika. Daga nan Baffa ya kai wa wani mai hoto a Azare, shi kuma ya haɗa da na sauran jama'a ya aika Kano, domin a can ake wanke masa masu launi. Kafin ambulan ɗin ya dawo an yi Babbar Sallah, Kaka kuma ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Baffa ya buɗe ambulan ya tarar da hoto talatin: dawaki da 'yan mata da kwalliyar Sallah, da angon da ko sunansa ba ma tunawa yanzu. Ya koma shagon ransa a ɓace, yana cewa masu wanki sun ƙona masa shida. Mai hoton bai yi musu ba. Ya ɗaga dodon ya nuna masa lambobin gefe, ya ce, "Malam, ka ga waɗannan? Tun daga masana'anta ake buga su da haske, ba sa fitowa sai in ruwan wanki ya yi aikinsa. Da ruwa ne ya lalace, da ba ka gan su ba. Da kuma haske ne ya shiga ta baya, da wurin ya yi baƙi ƙirin. Wannan fim bai taɓa ganin rana ba." Baffa ya ce a nan ne ya tuna da hannunsa yana shiga aljihu.

Mai karatu zai iya cewa, to me ya hana a jefar da murfin a huta? A ƙasar Katagum ba a yin haka. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma wanda ya goge idon kyamara da bakin riga alhali da ɓurɓushin yashi a kai, ya yi masa zanen da ba ya gogewa. A kyamarori irin su Leica da Zorki ta Tarayyar Sobiyet kuwa akwai haɗari na biyu. Labulen da yake tsare fim ɗinsu na yadi ne mai rufin roba, babu madubi a gabansa, don haka in aka bar idon a buɗe yana fuskantar rana, sai ya tattara hasken wuri guda ya huda labulen, kamar yadda yara suke ƙona takarda da gilashi. Shi ya sa masu sana'ar suka nemi tsaka-tsaki: wasu su ɗaure murfin da zare ya riƙa lilo, wasu su manna masa jan kyalle da zai leƙo ta taga, wasu kuma su maye gurbinsa da farin gilashin kariya da ba a cirewa.

Ba malamin ƙauye kaɗai murfi ya taɓa kunyatawa ba, ya kunyata har masana sararin samaniya, ko da yake nasu ba mantuwa ba ce, ƙin fita ya yi. A watan Oktoban 1975, kumbon Venera 9 na Tarayyar Sobiyet ya sauka a kan Zara, wadda muke kira matar wata, ya aiko da hoto na farko daga doron wata duniyar. Kyamara biyu gare shi, amma murfin ɗaya ya maƙale, sai rabin kewayen aka gani. A Disamban 1978, Venera 11 da Venera 12 suka sauka lafiya bayan tafiyar wata uku, ba su aiko da hoto ko ɗaya ba, duk saboda murfi. A 1982 murfin Venera 14 ya fita, amma ya faɗi daidai inda sandar gwajin taurin ƙasa za ta sara, sai ta auna murfin maimakon ƙasar. Su dai sun san halin da ake ciki a ranar, kuma suna da kuɗin sake aika wani kumbon.

Kyamarar Baffa tana nan a akwatin, kusa da dodon hoton. Batirinta mai sinadarin zaiba ne, an daɗe da daina yin irinsa, murfin kuma yana ɗaure da jan zaren ɗinkin hula da Baffa ya sa masa bayan dawowarsa daga Azare. Sai da na haura shekara talatin kafin na iya gaya masa cewa na ga murfin a ranar. Ya dube ni ya ce, "Da ka faɗa ma, da ƙila tsawa zan yi maka."

Yanzu idan 'ya'yanmu suka tambayi kamannin Kaka, akan nuna musu wata gwaggonmu da ta ɗauko goshinsa da hancinsa, a ce su ƙara mata tsawo da farin gemu.