GASHIN IDON AMARE: A GAMA DUKHAN KAFIN A JE KWAFER

Duk wanda ya halarci biki a Umdurman cikin 'yan shekarun nan ya san cewa kwalliyar amarya ba ta cika sai an ƙara mata gashin ido na kanti, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira rumush. Iyayenmu mata da tozali suka san ado, to amma zamani ya zo da nasa, kuma 'ya'yanmu sun karɓa. Abin da ke damunmu shi ne, sau da yawa yarinya za ta biya kuɗi mai tsoka a kwafer, amma kafin ranar jirtik rabin gashin ya zube, ido ya yi ja. A wannan hali da muke ciki tun yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, wanda ya cinye dukiyar jama'a da yawa daga shagunan kasuwar Umdurman, babu gidan da ke da kuɗin zubarwa.

Rumush iri biyu ne. Akwai na jere guda, wanda ake mannawa a fatar ido da safe a cire da dare. Akwai kuma wanda ake ɗora sili ɗaya a kan kowane gashi na asali, kuma a kansa muke magana. Shi wannan ba ya wuce ran gashin da aka ɗora shi a kai, domin gashin idon mutum kullum yana zubar da 'yan silaye wasu su tsiro. Saboda haka ko gwanar gwanaye ce ta yi aikin, bayan mako 2 ko 3 sai an koma ciko.

Gam ɗin da ake mannawa da shi dangin Super Glue ne, kuma danshin iska ne ke sa shi ya kama. Nan ne garinmu ke ba da wahala. A Khartum, cikin Maris da Afrilu, danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali gam ɗin ya fi son kusan rabi. Idan iska ta bushe haka, gam ba ya kamawa da wuri, sai silaye su karkace ko su manne da juna. Ga kuma zafi da ya haura digiri 40 da ɗaukewar wuta, waɗanda ke lalata kwalbar da aka riga aka buɗe. Ba rashin kunya ba ne yarinya ta tambayi mai kwafer yaushe ta buɗe kwalbarta. In ta daɗe da wuce wata guda, a nemi sabuwa.

Amma babban kuskuren a gida ake yin sa. Amarya na zama a kan ramin dukhan, an lulluɓe ta da shamla, hayaƙin itacen talha na ratsa ta, gumi na tsiyaya. Ta fito a goge ta da dilka, a shafe kai da man karkar. Zafi da maiƙo kuwa su ne ke sassauta gam. To, me zai hana a jera abubuwa yadda ya kamata? A gama dukhan da dilka, a yi ƙunshi, sannan a je kwafer saura kwana 2 biki. Yinin farko a kiyaye tururi, a kuma taɓa wurin da sauƙi wajen wanke fuska. Zancen ko alwala ta inganta da shi, wannan a kai wa malamai tun kafin a biya kuɗi.

Wasu 'yan mata, don tsoron zubewa, sai su daina wanke idon gaba ɗaya. Wannan ya fi komai muni, musamman lokacin habub, da ƙura ke shiga har cikin tukunya. Ƙura da gumi da garin kwalli kan taru a gindin gashi, fatar ido ta kumbura ta yi ƙaiƙayi, hannu ya kai wurin, shi ke nan. Mu da muka ga abin da amodari ya yi wa idanun tsofaffi a ƙauyuka bai kamata mu yi wasa da dattin ido ba. A wanke kullum da ruwa mai tsabta da sabulu marar maiƙo, a bar shi ya bushe, a taje da ɗan burushinsa. Kwanciya rub-da-ciki ma tana karya shi.

Wadda ba ta taɓa sawa ba, ta sa a ɗora mata silaye kaɗan mako guda kafin biki, don a ga ko jikinta zai karɓi gam ɗin. In ido ya kumbura ko yana zafi, a koma a cire da maganin cirewa, a ga likitan ido. Kada a fizge da hannu, domin tare da na asali yake fitowa, kuma sai an yi makonni kafin ya sake tsirowa.